Babi na Biyar: Jami'ar Gwamnati ko ta Kuɗi, a Ina Likita Yake Samo Halinsa?

Duk gidan da aka samu yaro ko yarinya mai son karatun likita, akwai muhawarar da ba ta ƙarewa. Kawu zai ce a daure a nemi Zariya ko Kano ko Sakkwato, ko da za a shekara biyu ana sake jarrabawar JAMB, domin a can ake fitar da likitan da ya sha wuya, ya san darajar talaka. Goggo kuma ta ce in da hali a sayar da fili a kai yaro jami'ar kuɗi, ya gama cikin shekara shida cif, babu yajin aiki, babu cunkoso, ya fito da ladabi da iya magana. A bakin asibiti ma maganar ke nan. In matashin likita ya daka wa tsohuwa tsawa, ko ya rubuta magani bai ɗaga kai ya dubi mai ciwon ba, abin da za ka fara ji a kan benci shi ne, "Wai a ina wannan ya yi karatu?"

To, shin da gaske irin makarantar ce take yanke halin da likita zai fito da shi? Ɗalibin jami'ar gwamnati ya fi riƙon amana, ko kuwa na jami'a mai zaman kanta? Kafin a ba da amsa sai an san abin da ake aunawa.

Me ake nema a wurin likita bayan ilimi?

Ilimi da ƙwarewar hannu su ne farko, babu mai musun haka. Likitan da ya fi kowa fara'a amma bai iya bambance zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau ba, hatsari ne. Sai dai akwai wasu abubuwa da jarrabawar takarda ba ta kama su. Zuwa aiki a kan lokaci. Rufa asirin majinyaci. Faɗin gaskiya in an yi kuskure. Neman izini kafin a taɓa jikin mutum. Sanin iyakar abin da ka iya, da kiran na gaba da kai in abu ya fi ƙarfinka. Girmama nas da ungozoma da mai shara. Duba mai kuɗi da mai tsumma da ido ɗaya. Waɗannan su ne ladubban aikin likita.

Ba yau aka fara tsara su ba. Tun a ƙarni na 9 wani likita mai suna Ishaq bin Ali al-Ruhawi ya rubuta littafi sukutum a kansu, *Adab al-Tabib*, inda ya yi bayanin yadda likita zai kula da kansa da harshensa da mu'amalarsa da mai ciwo da masu jinya. A 1948, bayan duniya ta ga ta'asar da wasu likitocin Jamus suka yi wa fursunoni a Yaƙin Duniya na Biyu, Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da rantsuwar da ake kira ta Janiba, wadda aka yi wa gyara sau da dama, ciki har da na 2017. A 2002 kuma manyan ƙungiyoyin likitocin Amurka da Turai suka taƙaita lamarin cikin ginshiƙai uku: lafiyar majinyaci ita ce a gaba da komai, majinyaci yana da ikon yanke shawara a kan jikinsa, sannan a yi adalci wajen rabon kulawa.

A Najeriya wasu daga cikin waɗannan sun zama doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti su ƙi duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ta wajabta rufa bayanan majinyaci, ta kuma ce a yi masa bayanin ciwonsa, gwargwadon iko, da harshen da yake ji. A 2017 aka ƙara da dokar da ta tilasta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

A takarda, hanya ɗaya ce

Karatun likita a ƙasar nan ya faro ne a hannun gwamnati. Ibadan ce ta fara a matakin jami'a a 1948, Legas ta biyo baya, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe nata sashen a 1967. Daga baya aka samu na Jos da Maiduguri da Sakkwato da Bayero, sai jami'o'in jihohi. Jami'o'i masu zaman kansu kuwa sai a 1999 aka ba ukun farko lasisi: Igbinedion a Okada, da Babcock, da Madonna. Yanzu akwai irin su Bowen da Afe Babalola a Kudu, da Bingham wadda asibitin koyarwarta yake Jos, wanda mutanen gari suka fi sani da Jankwano, da kuma Nile a Abuja.

Dukansu hukuma ɗaya ce take sa musu ido a fannin aiki, wato MDCN, majalisar likitoci da likitocin haƙori wadda asalinta yake komawa ga dokar 1963. Ita take zuwa ta duba ɗakunan gwaji da gadajen asibiti da yawan malamai, ita take yanke adadin ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, ita take rantsar da su ranar da suka gama. Tana da littafin ƙa'idojin aiki, tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da za ta iya dakatar da likita ko ta soke sunansa daga rajista. Waɗanda suka yi karatu a waje, irin su Sudan da Masar da Yukiren, sai sun ci jarrabawarta kafin su taɓa majinyaci a nan.

Tsarin karatun ma kusan ɗaya ne. Shekarar farko kimiyya ce zalla. Daga nan a shiga nazarin sassan jiki da yadda suke aiki, inda ɗalibi yake fara riƙe wuƙa a kan gawa. In ya tsallake jarrabawar da take tankaɗe ɗalibai a ƙarshen wannan zango, sai ya koma asibiti a aji huɗu, ya sa farar riga, ya rataya abin sauraron ƙirji. Rantsuwa ɗaya za su yi, lasisi iri ɗaya za a ba su. Bambancin yana cikin abin da kowannensu yake gani da idonsa tsakanin aji huɗu da aji shida.

Abin da cunkoso yake koyarwa

Babbar dukiyar ɗalibin gwamnati ita ce yawan majinyata. Wanda ya yi zagaye a asibitin Shika, ko a Asibitin Malam Aminu Kano, ko aka tura shi Asibitin Murtala, cikin wata ɗaya zai ga abin da littafi ya kwashe babi goma yana bayani: mai jijjiga a ɗakin haihuwa, yaro mai sikila cikin ciwon ƙashi, wanda taifot ya huda wa hanji, mai ciwon suga da ƙafa ta ruɓe saboda an daɗe ana ɗaurin gida. Hannunsa yana faɗawa da wuri. Yana kuma sanin farashin abubuwa, domin ya sha ganin uba ya juya takardar gwaji gaba da baya yana lissafin abin da ya rage a aljihu. Ɗalibai da yawa sun taɓa haɗa kuɗi a tsakaninsu suka saya wa wani allura, ko suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu.

Amma cunkoson nan yana da nasa darasin mai cutarwa. Ga abin da kan faru a zagayen safe. Babban likita yana gaba, manyan masu neman ƙwarewa suna biye, sai sabbin likitoci, sai ɗalibai ashirin ko fiye a baya suna leƙe ta kafaɗar juna. An tsaya a kan gadon wani dattijo mai kumburin ciki. Ba a ja labule ba, don labulen ya daɗe da yagewa. An yaye masa riga. Ana magana da Turanci a kansa, shi kuwa yana bin bakin kowa da kallo. Sai a ce ɗalibai su taɓa su ji saifar. Hannu na farko ya danna, na biyu ya danna, har na takwas. Ba wanda ya ce, "Baba, sannu, waɗannan ɗalibai ne, ka yarda su duba ka?" Aka wuce gado na gaba. Ɗansa da yake jinya ya bi ɗalibar ƙarshe da sauri yana tambaya, "Likita, me suka ce?" Ita ma ba ta san ko an yarda ta faɗa ba.

A wannan tsayuwa ta minti goma ba wanda ya yi niyyar mugunta, kuma ɗaliban sun koyi yadda ake gane kumburarriyar saifa. Sun kuma koyi cewa talaka a gadon gwamnati ba a neman izininsa. Sannu a hankali sai mutum ya koma lambar gado a bakinsu, a ce "mai hantar nan ta gado na shida."

Ga kuma yajin aiki. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi wata tara tana yaji, a 2022 ta yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Su ma likitoci masu neman ƙwarewa, waɗanda a hannunsu ɗalibi yake koyon yawancin aikin yau da kullum, sun sha ajiye aiki saboda albashi da alawus. Karatun shekara shida yakan koma bakwai ko takwas. Ɗalibin da ya ga an kulle ɗakunan jinya an sallami masu ciwo, ya ga malaminsa yana bin bashin albashi, ya ga rabin manyansa suna karatun jarrabawar tafiya Ingila ko Saudiyya, yakan fara tambayar kansa wa yake bin wa bashin amana.

Abin da kuɗi yake saya, da abin da yake ɓatawa

Jami'ar kuɗi tana da abubuwan da ba a raina su. Ajin bai cika ba, don haka malami ya san sunan kowa, ya san wanda bai zo ba. Kalandar karatu ba ta tsayawa. Yawancinsu suna da dokoki masu tsauri a kan sutura da makara da zaman ɗakin kwana, musamman waɗanda ƙungiyoyin addini suka kafa. Wasu suna da 'yan tsana na koyon aiki, inda ɗalibi zai yi ta gwada sa allurar ƙarin ruwa ko farfaɗo da numfashi kafin ya taɓa mai rai. Majinyacin da ya biya kuɗi mai yawa kuma ba ya yarda a yaye masa riga haka kawai, saboda haka ɗalibi yana saba wa da gaisuwa da gabatar da kai da neman izini.

Raunin yana zuwa ta ƙofa biyu. Ta farko ƙarancin majinyata. Asibitin da sai mai hali yake iya kwanciya a cikinsa ba ya tara irin cututtukan da suke kashe yawancin mutanen ƙasa, shi ya sa wasu makarantun suke ƙulla yarjejeniya da asibitocin gwamnati su tura ɗalibansu. Inda ba a yi haka da gaske ba, ɗalibi yakan kai ƙarshen zango littafin ayyukansa bai cika ba. An ce ya halarci haihuwa kaza, ya yi ɗinki kaza, a sa masa hannu. Ranar da ya rubuta abin da bai yi ba, aka kuma sa masa hannu don kada a ɓata wa kowa rai, ranar ya koyi cewa takardar asibiti tana ɗaukar ƙarya.

Ƙofa ta biyu ita ce kuɗin kansu. Kuɗin makarantar likita a jami'o'i masu zaman kansu miliyoyin naira ne a kowace shekara. Idan ɗalibi ya zama shi ne hanyar shigar kuɗi, kayar da shi a jarrabawa ko korarsa saboda rashin ɗa'a yana zama asara ga makaranta, kuma uban da ya biya miliyoyi yana da lambar wayar shugabanni. Makarantar kirki tana jure wannan matsin, ta bar malami ya yi hukuncinsa. Wadda ta kasa jurewa tana koya wa yaro cewa doka tana lanƙwasuwa in an san wanda za a kira. Akwai kuma nauyin da yake biyo baya: gidan da ya sayar da gona ko fili yana jiran a mayar, kuma wannan jiran yana iya bin sabon likita har cikin ɗakin duba marasa lafiya, ya sa shi rubuta gwajin da ba a buƙata.

Kada a ɗauka wannan ciwo na masu kuɗi ne kaɗai. A jami'ar gwamnati ma akwai ɗan wane da ba a iya kayarwa, akwai alfarma wajen ɗauka. Haka kuma a jami'ar kuɗi akwai 'ya'yan talakawa da gwamnatin jiha ko wani attajiri ya ɗauki nauyinsu, suna karatu kamar ransu zai fita.

Darasin da ba ya cikin manhaja

A 1994 wasu malamai biyu a Amurka, Frederic Hafferty da Ronald Franks, suka rubuta maƙalar da ta yi tasiri ƙwarai a fagen koyar da likitoci. Abin da suka ce shi ne, yawancin ɗabi'ar da ɗalibi yake fita da ita ba a aji yake ɗaukarta ba. Yana tsintarta ne daga abin da manyansa suke yi, da abin da ake yaba wa, da abin da ake kau da kai a kansa. Suka kira wannan ɓoyayyar manhaja.

Duk wanda ya san tasha ya san wannan. Yaron mota ba daga littafin dokokin hanya yake koyon tuƙi ba. Yana gefen direba shekara da shekaru yana kallo: yadda yake shiga kwana, yadda yake yi wa fasinja magana, abin da yake miƙawa a shingen hanya, ko yana duba birki kafin a tashi. Ranar da aka ba shi makulli, ubangidansa ne zai fito a hannunsa, da kyansa da muninsa.

Haka ɗalibin likita. Za a yi masa lacca ta awa biyu a kan mutunta majinyaci, ya rubuta, ya ci jarrabawa. Da daddare a ɗakin haihuwa sai ya ji ana yi wa mai naƙuda gori, ya ga ba wanda ya tanka. Ko kuma ya ga akasin haka: babbar likita ta ja kujera ta zauna daidai da fuskar wata matar ƙauye, ta sa an fitar da maza, ta ce, "Baiwar Allah, gaya mini da bakinki, tun yaushe fitsarin yake zuba?" Ta jira har matar ta gama share hawaye, ba ta dubi agogo ba. Ɗalibin da ya tsaya a bayan wannan likita ya samu abin da lacca goma ba za ta ba shi ba. Irin waɗannan malamai biyu kuwa ana samunsu a kowace irin makaranta, wani lokaci a ɗaki ɗaya.

Yadda ake yi wa ɗalibin kansa ma darasi ne. Inda al'ada ta zama a tozarta shi a gaban majinyata in ya kasa amsa tambaya, abin da yake koya shi ne ɓoye jahilci. Wanda aka saba yi wa dariya in ya ce "ban sani ba" zai zama likitan da ba ya kiran na gaba da shi da tsakar dare, ya gwammace ya yi ta lalube.

Wani bincike da Mohammadreza Hojat da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, bayan sun bi ɗaliban Kwalejin Jefferson ta Filadelfiya shekara bayan shekara, ya nuna cewa makin tausayinsu ya faɗi ne a shekara ta uku, daidai lokacin da suka fara shiga ɗakunan jinya. Wasu masana sun ce faɗuwar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Duk da haka abin lura ne cewa lokacin da ɗalibi ya fi kusa da masu ciwo shi ne lokacin da ya fi shiga haɗarin bushewar zuciya, kuma makarantar da aka yi binciken mai zaman kanta ce, a ƙasa mai arziki.

Ƙaramin laifi a aji huɗu

Mutane sukan ce ai yarinta ce, in ya girma zai daina. Akwai binciken da ya auna wannan zato. A 2005 Maxine Papadakis ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, tare da abokan aikinta, suka ɗauki likitoci 235 da hukumomin lasisi suka hukunta, suka koma suka buɗe fayilolinsu na makaranta, suka kwatanta da na abokan karatunsu da ba a taɓa hukuntawa ba. Suka tarar cewa wanda aka taɓa rubuta masa rashin ɗa'a yana ɗalibi, yiwuwar a hukunta shi bayan ya zama likita ta ninka sau uku. Halaye biyu suka fi fitowa fili: rashin ɗaukar nauyi, irin su fashin zuwa asibiti da barin aiki a rataye, da kuma ƙin karɓar gyara. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Laifukan da ake magana a kansu ba manya ba ne a ido. Sa wa aboki hannu a takardar halarta. Satar amsa. Rubuta awon jini a fayil alhali ba a auna ba, don an gaji kuma na jiya ma haka yake. Ɗaukar hoton wani ciwo mai ban mamaki a tura zauren WhatsApp na aji, fuskar mai shi a buɗe. Ba da labarin matar wane da aka kwantar, a majalisar unguwa. Barin masu jinya su yi ta kiran ka likita alhali kana aji huɗu, har ka fara rubuta magani a gida. Kowanne a cikinsu yana da babban yayansa a gaba: takardar shaidar rashin lafiya ta bogi, fayil ɗin da aka gyara bayan an yi kuskure, asirin mai cutar ƙanjamau da ya fita ya kashe aure.

Shi ya sa takardun tambayoyi da ake raba wa ɗalibai don auna ra'ayinsu ba sa raba gardamar kawu da goggo. In ka tambayi ɗalibi ko rufa asiri yana da muhimmanci, na gwamnati da na kuɗi duk za su ce ƙwarai kuwa, domin kowa ya san amsar da ake so. Inda ake gane bambanci shi ne in an tambaye shi me zai yi idan ya ga amininsa yana satar amsa, ko idan babban likita ya yi kuskure a gabansa ya ce a yi shiru. A nan ne baki yake nauyi, kuma nauyin bai san kuɗin makaranta ba.

Abin da amana take jawowa, da abin da rashinta yake jawowa

Mutanen Kano sun san tsadar wannan magana. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na birnin. Iyaye suka yi ƙarar cewa ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi. Neman izinin da ake ganin ɓata lokaci ne a gefen gado, rashinsa yana iya sa al'umma guda ta juya wa magani baya.

A ɗaya gefen akwai Dakta Ameyo Stella Adadevoh. A Jami'ar Legas ta yi karatu, ta gwamnati, a asibitin kuɗi kuma take aiki, First Consultants da ke Legas. A watan Yulin 2014 aka kawo wani mutum mai suna Patrick Sawyer daga filin jirgi, ya taso daga Laberiya, a daidai lokacin da likitocin asibitocin gwamnati suke yajin aiki. Ta yi zargin Ebola ce. Shi yana so ya fita ya tafi taro a Kalaba, aka yi ta matsa wa asibitin lamba a sallame shi, ta ƙi. Ta kamu da cutar, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta ƙare a ƙasar. A birni mai yawan jama'a kamar Legas, da an buɗe masa ƙofa da lissafin ya sha bamban. Masu cewa asibitin kuɗi ba ya iya ce wa mai kuɗi a'a, da masu cewa jami'ar gwamnati ba ta koyar da ɗa'a, duk labarinta ya ba su amsa.

To, ina za a kai yaron?

Amsar ita ce allon da yake bakin ƙofa bai isa ya gaya maka komai ba. Kowace irin makaranta tana da kyautarta da jarrabarta. Ta gwamnati tana ba da majinyata da juriya, tana kuma iya busar da zuciya. Ta kuɗi tana ba da tsari da sa ido, tana kuma iya sangarta ɗalibi ko ta bar hannunsa bai faɗa ba. Tsakanin jami'o'in gwamnati biyu ma ana iya samun tazarar da ta fi wadda take tsakanin ta gwamnati da ta kuɗi.

Uban da yake son ya zaɓa da ido buɗe yana da tambayoyin da suka fi "nawa ne?" amfani. Shin MDCN ta amince da makarantar, kuma ba ta ɗaukar fiye da adadin da aka yanke mata? Gadaje nawa ne a asibitinta, kuma da mutane a kansu? Manyan likitocin na zaune ne, ko masu leƙowa ne sau ɗaya a mako? An taɓa maimaita wa ɗalibi aji saboda hali, ba don faɗuwa jarrabawa ba? In malami ya ci zarafin ɗaliba, akwai inda za ta kai ƙara ba tare da ta ji tsoron sakamakonta ba? Ana koya wa wanda ba ya jin Hausa ko Fulatanci ko Barbarci yadda zai tambayi ciwo da harshen mutanen da zai duba? Ɗalibin aji biyar zai amsa waɗannan cikin minti goma, fiye da duk wata takardar talla.

Gida ma yana da nasa kason. Yaron da ya taso yana gaida maigadi, yana mayar da canjin da ya yi yawa, da wannan zai shiga makaranta, kuma shi makarantar za ta ƙarfafa ko ta rushe.

Duk wannan kuwa share fage ne. Ranar da aka rantsar da shi aka ba shi lasisin wucin gadi, zai shiga shekara guda ta sanin makamar aiki, wata uku-uku a sashen manya da na tiyata da na yara da na mata. A nan ne za a fara barinsa da ɗaki guda da ƙarfe biyu na dare, ga barci, ga ƙarancin kayan aiki, ga wayar babban likita da yake jin nauyin kira. Babi na gaba zai bi sabon likita cikin wannan shekara, mu ga abin da take ginawa a halinsa da abin da take rushewa.